Takardar Filin Baba

Mahaifina masinja ne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, yana kai wasiƙu ofis-ofis, da farko a ƙafa, daga baya a keke. Lokacin da masu gina Abuja suka fara kafa ofisoshinsu a nan Suleja aka mayar da shi wurinsu, da suka tattara suka koma sabon birnin ya bi su, kullum ya fita bayan asuba ya dawo da la'asar sakaliya. Bai yi boko ba. Yana gane lambobi, yana kuma sa hannu, wani zane mai kama da ƙugiya da ya koya wa kansa, amma Turanci sai dai a karanta masa. Ni kuwa na yi boko har na zama malamar firamare, kuma a wancan lokacin ban yarda akwai wanda ya fi ni sani a unguwarmu ta Hashimi ba. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ya kiran sunana. Malama yake ce mini, wani lokaci da gaske, wani lokaci da 'yar tsokana, kuma ina gane bambancin.

Abin da ya fito da shi daga aikin gwamnati abu ɗaya ne, takardar fili. Da zai yi ritaya aka raba wa ƙananan ma'aikata filaye can bayan Kubwa, Allah ya sa da rabonsa. Ba a gina komai a wurin ba, ciyawa ce kawai da turakun siminti huɗu, amma duk shekara sai ya je ya duba turakun ko suna nan. Takardar tana cikin leda, ledar tana cikin tsohuwar jakar fata, jakar tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Ba ya barin kowa ya taɓa ta. A shekarun nan kowa a Suleja ya san cewa takardar filin Abuja kamar zinariya take, duk wanda ta shiga hannunsa da sa hannun mai ita zai iya sayar da ita kafin azahar. Dillalai sukan zo gaishe shi da fara'a har kunne. Ya ba su goro, ya tambayi iyali, ya raka su bakin ƙofa. In sun tafi ya ce da mu, "Nan ne ɗakinku a garin gwamnati, ko bayan ba ni."

Makarantar da nake koyarwa tana da akwati a gidan waya, kuma rabin unguwarmu da lambar akwatin nan suke amfani. Hedimasta ya ɗebo wasiƙu, ni in kwaso na unguwa in rarraba a hanyata ta komawa gida. Yawanci ni ce mai karantawa. Matan sojoji, tsofaffin da 'ya'yansu ke Legas, masu jiran amsar neman aiki, duk sai su shimfiɗa mini tabarma su zuba mini ido. Ina son aikin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ina son yadda ake yin tsit in na buɗe ambulan, ina son kunun zaƙin da ake kawo mini, ina son a ce "Allah ya ƙara ilmi." Kuma ina da saurin karatu, in zuba ido sau ɗaya in faɗi abin da ke ciki, har ana yabona a kan haka.

Wata Litinin da damina, a shekarar da aka yi wahalar man nan mai tsanani, hedimasta ya miƙo mini doguwar ambulan ruwan ƙasa da sunan Baba. Tun a hanya na buɗe. Takarda ce fara mai kauri, da tambarin gwamnati mai launi a sama, da hatimi ruwan shuni a ƙasa, da sa hannu da koren biro. Ta ce ana sake tantance duk filayen da aka ba 'yan ritaya. A aiko da takardar fili ta asali, da hoto biyu, da fom ɗin da ke haɗe bayan an cike an sa hannu, zuwa wani akwatin gidan waya a Garki, cikin kwana goma sha huɗu. Wanda bai aiko ba za a soke filinsa a ba wani. Na duba kwanan watan da ke sama, na ƙirga da yatsa, kwana tara sun riga sun tafi a hanya. Ban biya gidana ba, na zarce gidan Baba.

Na same shi a zaure ya miƙe ƙafa, gwiwarsa ta kumbura kamar yadda take yi masa duk damina, sai ƙamshin man zafi. Ko gaisuwa ban gama ba na fara karanta masa. Na fito da biro na cike fom ɗin a kan cinyata, shafi biyu ne, na farko suna da lambar fili, na biyu wani dogon Turanci ne mai ƙananan baƙaƙe da na bi da ido a gurguje. Na ɗora yatsa a inda zai sa hannu, ya zana ƙugiyarsa, don ya saba duk inda na nuna nan yake sawa. Sai na ce ya ba ni makullin akwatin ƙarfen. Nan ya tsaya.

"Makulli kuma? Me za ki ɗauko?"

"Takardar, Baba. Ta asalin suke so."

Ya miƙo hannu na ba shi wasiƙar. Ya murza ta da yatsu, ya juya bayanta, ya duba ambulan ɗin ciki da waje. Ya ce in sake karantawa, na sake, da ɗan ƙosawa.

"Wa ya kawo ta?"

"A akwatin makaranta aka same ta."

"Kin sa hannu kafin a ba ki?"

"Sa hannun me? Cikin sauran wasiƙu take."

"Uhm. Maganar fili, a jefa ta a akwati kamar katin biki." Ya kai yatsa kan lambar akwatin da aka ce a aika. "Wannan ba akwatin ofishinmu ba ne. Shekara nawa makullinsa yana aljihuna, ko a mafarki aka tashe ni zan faɗi lambarsa."

Na ce ai sabon sashe ne aka buɗe don wannan aikin, dole su yi nasu akwatin. Na faɗi haka da ƙarfin gwiwa, kamar a gabana aka buɗe sashen.

"To, sabon sashe. Su da suka ba ni takardar, kwafinta yana fayil ɗina a wurinsu. Ni na huda shi da hannuna na sa masa zare. Me za su yi da tawa? Kuma Malama, gwamnatin da ta shekara uku kafin ta sa hannu a takardar nan, ita ce yau take ba ni kwana goma sha huɗu?"

"Baba, zamani ya canza. Ba irin aikinku na da ake yi ba yanzu."

Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, amma bai nuna a murya ba. Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun gaba. Ya ce in ƙafa ta yi sauƙi zai je da kansa ya ga wanda ya sa hannu da koren biro, don shi a rayuwarsa bai taɓa miƙa takarda ga wanda bai ga idonsa ba. Na ce kwana biyar suka rage. Ya ce Allah ya kai mu. Raina ya ɓaci sosai. Na tashi fuu na shige cikin gida da fom ɗin a hannuna, ina cewa a raina taurin kan tsufa zai ja mana asarar abin da ba za mu sake samu ba.

Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na zayyana mata komai, na ƙara gishiri a wurin sokewa da ba wani. Inna ba ta jayayya da takarda, kuma ba ta jayayya da ni. Ta ce, "Ke kika san abin da suka rubuta." Da aka kira la'asar Baba ya dogara sanda ya ɗingisa zuwa masallacin ƙofar gida. Inna ta shiga ɗakinsa ta ɗaga matashi, ta nuna mini makullin da haɓa, ta fito tana cewa ita dai ba ta ga komai ba. Na zaro takardar, na mayar da ledar da jakar yadda suke, na ɗauki hotuna biyu cikin ragowar waɗanda ya ɗauka lokacin fansho. A ganina ceton fili nake yi.

Washegari Talata, da aka tashi hutun tara, na je gidan waya na yi wa wasiƙar rajista, aka ba ni ɗan rasit na jefa a jaka. Na fito zuciyata wasai. Har masara gasasshiya na saya a bakin titi ina ci ina tafiya, ina tsara yadda zan gaya wa Baba in sabuwar takarda ta zo, da yadda zai ce, to Malama, kin yi gaskiya.

Laraba da sassafe, ina shirin makaranta, sai na ji sallamarsa a ƙofar gidana. Ya sa rigarsa ta Juma'a, da sanda, da lema a hammata. Ya gaisa da maigidana, ya roƙe shi aron matarsa na yini ɗaya, ya ce ni kuma in biya in gaya wa hedimasta. Ƙafa ta ɗan lafa, Abuja za mu. Na tambaye shi, ina kallon gefe, ko ya ɗauko takardar filin.

"Tana gida. Ba a fita da asali ranar tambaya."

Ashe bai ma buɗe akwatin ba. Na ɗan ji wani iri, amma ban tsorata ba. Na ce a raina ai gara haka, a gaban ma'aikatan za a tabbatar masa, sannan in ce masa ai tuni na aika.

Tasha cike take da ma'aikatan Abuja masu taye da jakunkuna, mota ɗaya in ta shigo mutum hamsin su yi mata ca. Da ƙyar wani kwandasta ya duba furfurar Baba ya ba mu gaba. Tun daga Madalla har Zuba layin motoci ne a kowane gidan mai, direbobi sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motocinsu suna barci. Baba kuwa daɗi yake ji. Yana nuna mini inda da daji ne, inda kekensa ya taɓa yin faci, inda aka fara zuba kwalta yana kallo. Na daɗe ban gan shi cikin nishaɗi irin na ranar ba.

A ofishin, tun daga bakin get aka fara ihun "Baba ya zo!" Masu gadi, masinjoji, masu shara, kowa sai ya riƙe hannunsa. Ni da nake ganin ni ce zan yi masa jagora sai na koma bin bayansa kamar baƙuwa. Na ɗauka wurin babban darakta za mu, sai ya wuce duk ƙofofin masu labule ya shiga wani ɗaki a ƙarshen baranda, cike da fayil har rufi. Nan ne rajista, inda ake rubuta duk wasiƙar da ta shigo da duk wadda ta fita. Wata mata mai tabarau, Kirista daga kudancin Kaduna, ta taso ta rungume hannunsa biyu tana cewa da Turancin buroka, "Baba, yu don foget os!" wato ya manta da su. Ya yi dariya, ya zaro wasiƙar ya ɗora yatsa a kan lambar da ke samanta.

"'Yata, duba mini wannan a littafin fita."

Ya juyo ya yi mini bayani, a hankali, kamar ni ce 'yar aji ɗaya. Duk wasiƙar da ta bar ofishin nan sai an ba ta lamba an rubuta a babban littafi, da wanda ya sa hannu, da masinjan da ya ɗauka. In ba ta cikin littafi, to ba daga nan ta fita ba, ko da tambarinta ya kai faranti.

Matar ta buɗe littafin tana bin layi da yatsa. Ta koma baya wata ɗaya, ta dawo gaba. Ta cire tabarau ta dubi sa hannun, ta ce ba su da ma'aikaci mai wannan sunan, ba a kuma buɗe wani sabon sashe ba. Ta ce mu jira, ta fita ta dawo da wani jami'i, Bahaushe mai ƙaramin gemu. Yana ganin wasiƙar ya girgiza kai, ya ce ba Baba ne na farko ba. Sunayen waɗanda aka ba filaye an taɓa liƙa su a allon sanarwa da adireshinsu, wasu 'yan damfara suka kwafe, suka buga takarda mai tambari, suka kama akwati a gidan waya suna jiran abin da zai faɗo. Ya jawo durowa ya fito da fom irin wanda na cike, ya buɗe shafi na biyu, ya nuna mini wani layi a tsakiyar ƙananan baƙaƙen. Ya ce in karanta. Na karanta, wannan karon da kyau. Cewa yake mai sa hannu ya sallama filinsa, da yardarsa, ga wane, kuma wurin sunan wanen an bar shi fari.

"Kun gani," in ji jami'in. "Su cike sunan da suka ga dama, ga asali a hannunsu, ga hoto, ga sa hannu. Kafin maganar ta zo mana fili ya wuce hannu uku. Baba, ku gode wa Allah da ba ku aika ba."

Baba ya yi hamdala. Ya waiwayo ya dube ni da murmushin nan nasa, ya ce, "To, Malama." Na san na tsokana ne, kuma na so a ce iyakar abin da zai same ni ke nan. Na kasa magana a gaban mutane. Sai da muka fito baranda na riƙo hannun rigarsa.

"Baba, na aika."

"Kin aika me?"

"Takardar. Da fom ɗin da ka sa wa hannu. Na ɗauka a akwatinka ranar Litinin."

Ya jingina da bango. Ya dubi ƙasa. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Mutane suna wucewa suna gaishe shi yana ɗaga musu hannu. Can ya ɗago.

"Jefawa kika yi a akwati, ko rajista?"

"Rajista."

"Ina rasit?"

Na zazzage jakata a ƙasa, alli da jan biro da 'yan kunne duk suka watse, na samo shi a maƙale cikin littafin darasi. Ya karɓa ya duba lambar. Ya tambayi ƙarfe nawa na kai, na ce jiya da hantsi. Ya ce motar wasiƙu ba kullum take zuwa Suleja ba, in ba ta zo ba jakar wasiƙun tana nan, in kuwa ta zo sai mu bi ta. Ya ce in tattara kayana mu tafi.

Babu bas a tasha. Abin da muka samu a-kori-kura ce da ta sauke doya za ta koma wajen Izom, direban ya ce sai dai baya. Baba ya miƙa mini sanda ya kama ƙarfe ya hau da wannan gwiwar, na ji ya yi wani nishi da har yau ban manta ba. Muna wuce Zuba ruwa ya sauko. Ya buɗe lemarsa ya karkato ta kaina, rigarsa ta Juma'a ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya. Na yi ta kuka, kukan kunya da tsoro, ina ba shi haƙuri. Abin da ya ce kawai shi ne in riƙe ƙarfe da kyau, akwai rami a gaba.

Mun isa gidan waya saura kaɗan a tashi. Shugaban wurin wani dattijo ne daga Filato, sun san juna da Baba tun zamanin keke. Ya saurare mu, ya ce motar ta kamata ta zo tun safe, tana can a layin mai. Jakar tana ciki, amma an ɗaure an buga mata hatimin dalma, kuma a ƙa'ida wasiƙar da aka karɓa ta bar hannun mai aikowa. Baba ya ce ya sani, ya kuma san akwai ƙa'idar janyewa: wanda ya aika ya rubuta buƙata, ya kawo rasit da shaidarsa, a yanke dalma a gaban shaidu biyu, a rubuta a littafi. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Kai, Baba, har yanzu kana nan da abinka." Ya miƙo mini takarda da biro.

Ni da nake rubuta wa rabin unguwa wasiƙa, ranar na rasa ta inda zan fara. Baba ne ya tsaya a kaina yana cewa in sa kwanan wata a dama, in sa lambar rasit a sama in ja mata layi, in faɗi buƙata a layi biyu kada in yi surutu. Bai san kalmomin ba, amma ya san inda kowanne yake zama. Aka kira ma'aikata biyu, aka yanke dalmar, aka zazzage jakar a kan tebur. Na hango rubutuna a jikin ambulan tun kafin dattijon ya kai hannu. Na sa hannu a wuri uku, aka miƙo mini, na miƙa wa Baba da hannu biyu. Ya cusa ta cikin 'yar ciki, inda ruwa bai kai ba. Daga baya muka ji motar ba ta ma zo ba sai Juma'a, wato da mun taho a ƙafa ma da mun sami jakar, amma wa ya san haka a lokacin.

Ban san ko an kama masu akwatin Garki ba. Abin da na sani, Baba ya yi sanarwa a masallaci, dattijon gidan waya ya yi a cocinsu, ni kuma na yi mako guda ina bin gidajen 'yan ritaya ina gaya musu kada su aika komai, su je ofishin da ƙafarsu a duba musu littafi. Wasu mun riske su. Wani tsohon direba a Sabon Wuse ya riga ya aika tun makon farko, kuma har ya rasu bai sake ganin filinsa ba. Ina tuna shi duk lokacin da saƙo ya shigo wayata yana cewa in yi maza in turo wani abu kafin a rufe.

Amma a ranar, da muka koma gida, rana ta fito bayan ruwan, kaji suna shan iska a tsakar gida. Inna tana jin sallamarmu ta shige madafa ta ƙi fitowa. Baba ya canza riga, ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafar, wadda ta kumbura fiye da da. Ya ɗaga murya ya ce a ba mu abinci, mun yini ba mu ci ba, bai ƙara ko kalma a kai ba. Inna ta kawo tuwo tana satar kallona, na gyaɗa mata kai alamar takardar ta dawo, ta ajiye kwanon ta koma da sauri tana share ido da gefen zane.

Da muka ci ya farke ambulan ɗin. Ya ware fom ɗin ya ba Inna ya ce ta sa a murhu, ya mayar da hotunan aljihu. Na zauna ina jiran faɗa, na ma shirya abin da zan ce. Sai ya miƙo mini takardar filin.

"Karanta mini."

"Wannan, Baba?"

"Ita. Shekara shida tana hannuna ban taɓa jin abin da ke cikinta ba. Ranar da aka ba ni, akawu ya ce fili ne, na yi godiya na fito. Na ji nauyin in ce ya karanta mini."

Ban taɓa sanin haka ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Na dubi takardar, na dube shi, hawaye suka sake cika mini ido.

"Baba, bayan abin da na yi, ni zan karanta maka?"

"To wa nake da shi? Karanta. Amma a hankali, Malama, ba wanda ya biyo ki."

Na goge hannuna a zane na karɓa. Na fara daga tambarin sama, layi ɗaya in karanta da Turanci in mayar masa da Hausa, har ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa ban tsallake ko ɗaya ba. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Da na zo inda aka rubuta sunansa da na mahaifinsa, aka ce gwamnati ta ba shi wannan fili shi da magadansa, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya kira Inna ya ce ta bar wanke-wanken ta zo ta zauna, sannan ya ce in maimaita wurin.